Kalmar Hausa ta authentication: ni dai gaskatawa na zaɓa

1/ 'Yan'uwa masu koyar da Linux da Hausa, akwai kalmar da ya kamata mu tsayar da magana a kanta, ita ce authentication. Kowa da irin fassararsa. Wani ya ce tantancewa, wani ya ce tabbatarwa, wasu ma "shiga" kawai suke cewa su wuce. Muddin ɗalibi yana kan kwamfutarsa shi kaɗai, wannan ba ya cutar da kowa. Rikicin yana tasowa ne ranar da aka haɗa kwamfutoci masu yawa da uwar garke guda wadda ke riƙe da asusun kowa, sai sabon shiga ya zo yana cewa, "Malam, ta hana ni shiga."

2/ "Ta hana ni shiga" ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne. Kwamfuta tana yin tambayoyi uku a jere, kamar mai gadi a bakin ƙofa: sunanka yana cikin kundi? Da gaske kai ne mai sunan? An yarje maka shiga nan? A Linux, tambayar farko aikin NSS ce, wato sashen da ke nemo sunayen asusu, tana bin abin da aka rubuta a /etc/nsswitch.conf, kundin kuma yawanci LDAP ne, wato tsarin ajiye sunaye a uwar garke a riƙa nemo su ta hanyar sadarwa, wanda ya samo asali daga Jami'ar Michigan ta Amurka a farkon shekarun 1990. Ta biyu da ta uku suna hannun PAM, sashen Linux mai kula da shigar masu asusu, amma a ɓangarori daban: auth na ta biyu, account na ta uku. Masu Turanci sun ba kowace tambaya sunanta: ta farko identification, ta biyu authentication, ta uku authorization. Mu kuwa mun tattara su a kalma ɗaya, shi ya sa za ka ga yaro yana ta canza kalmar sirri har ya gaji, alhali kwamfutar ko sunansa ba ta gano ba.

3/ Tantancewa kalma ce mai kyau, amma ta yi faɗi. Tantancewa ita ce a rarrabe, a fitar da wanda ya cancanta daga cikin jama'a, ka ga ta haɗiye tambaya ta biyu da ta uku gaba ɗaya. A bar ta ta zama sunan aikin baki ɗaya, mu riƙa cewa tsarin tantancewa na bai ɗaya.

Tabbatarwa kuma an riga an ɗora mata kaya: tabbatar da imel, tabbatar da sabuwar kalmar sirri ta hanyar sake rubuta ta. Ga shi idan ka ce "an tabbatar da ni", kunnen Bahaushe muƙami yake ji. Ingantawa ba ta ma shigo ba, gyara ce da kyautatawa. Shaida kuwa kada a yar da ita, ita ce abin da kake miƙawa: kalmar sirri, zanen yatsa, tikiti.

4/ Ga abin da ya sa na tsaya kan gaskatawa. Mai shiga da'awa yake yi, yana cewa ni ne wane. Sai ya kawo shaida. Sai na'ura ta duba, ko ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi. Kalmar ta zo da kishiyarta a shirye, kuma tana juyuwa yadda baki yake so: an gaskata ni, ba a gaskata ta ba, mai gaskatawa, sake gaskatawa.

A gwada ta a kan Kerberos, tsarin gaskatawa ta hanyar tikiti, wanda aka gina a jami'ar MIT a shekarun 1980 ƙarƙashin shirin Athena, siga ta 5 ta fito a 1993, kuma shi Microsoft ya ɗauka a Active Directory, tsarinsa na riƙe asusu, tun daga Windows 2000. Idan ka rubuta umarnin kinit, mai neman tikiti, da sunanka, kalmar sirrinka ba ta barin kwamfutarka. A salon da aka fi amfani da shi, kwamfutar tana ƙera mabuɗi daga kalmar, ta kulle lokacin da agogonta ya nuna da wannan mabuɗin, ta aika wa KDC, wato uwar garken Kerberos mai ba da tikiti, ta ƙofar sadarwa (port) ta 88. KDC yana da irin mabuɗin a ajiye. Idan saƙon ya buɗu, lokacin kuma ya yi daidai, sai ya ba ka tikiti, wanda za ka gani da umarnin klist, layin da ke ɗauke da krbtgt. Bai ga fuskarka ba, bai ji kalmarka ba, hujja ya gani ya yarda. Wannan gaskatawa ce tsantsa. Kuma Kerberos yana ba kwamfutarka damar ita ma ta buƙaci uwar garke ta kawo shaidarta, abin da za mu kira gaskata juna ba tare da wani ƙarin bayani ba.

5/ Amfanin kalmar yana fitowa ne wajen karanta saƙon kuskure. Preauthentication failed: an ƙaryata shaidarka, yawanci kalmar sirri ce ba daidai ba. Clock skew too great: sunanka daidai, kalmarka daidai, amma an ƙi gaskata ka saboda agogonka ya saɓa da na KDC da fiye da minti 5, wanda shi ne iyakar da tsarin yake zuwa da ita. An sa iyakar ne don kada wani ya kama tsohon saƙonka a hanya ya sake aika shi. Maganin yana wajen umarnan duba agogo, timedatectl da chronyc tracking, ba wajen kalmar sirri ba. Wannan yana yawan kama kwamfutocin gwaji da ake dakatarwa a sake tayar da su bayan kwana biyu.

Cannot contact any KDC kuwa wani abu ne daban. Nan ba a ƙaryata ka ba, ba ka ma isa gaban mai gaskatawa ba. Duba DNS, mai juya sunan kwamfuta zuwa adireshinta, duba /etc/krb5.conf, duba ko an toshe ƙofa ta 88. Ka kuma lura da sunan realm, wato yankin da KDC ke kula da shi: a al'ada da manyan baƙaƙe ake rubuta shi, kuma Kerberos yana bambanta manya da ƙanana.

6/ Sauran biyun ba su da wahala. Tambayar farko mu kira ta ganewa, ta uku izini. Da waɗannan uku za ka iya koya wa sabon shiga tsarin bincike a zama ɗaya. Ya fara da umarnin id da sunan asusun, ko getent passwd. Idan ba abin da ya dawo, ba a gane shi ba, kada ya taɓa kalmar sirri tukuna. Ya duba ko SSSD, manhajar da ke haɗa kwamfutar da LDAP da Kerberos, ya tashi, domin idan /etc/sssd/sssd.conf yana buɗe kowa na iya karantawa, SSSD ƙin tashi yake yi, shi ya sa aka saba yi masa chmod 600. Ya duba ko ana isa LDAP ta ƙofa ta 389 ko 636. Sai an gane shi sannan ya gwada kinit.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne id ya yi aiki, kinit ya ba da tikiti, amma ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya rufe ƙofa. Ka buɗe journalctl, mai nuna bayanan abin da ya faru a kwamfutar, za ka ga layi biyu kusa da juna. Na farko yana ɗauke da pam_sss(sshd:auth) da authentication success, na biyu pam_sss(sshd:account) da Access denied. Da Hausa jimla ɗaya ce: an gaskata shi, ba a ba shi izini ba. Wanda ya ji haka ya san inda zai nufa, wato saitin simple_allow_groups na sssd.conf ko umarnin realm permit. Ku gwada faɗin wannan jimlar da tantancewa ita kaɗai, ku ji yadda take cakuɗewa.

7/ Na san wani malami zai ce gaskatawa tana da ƙamshin imani, ba ta dace da na'ura ba. Allah ya ƙara wa Malam ilimi, amma kullum muna cewa "ban gaskata labarin nan ba", babu wanda yake kai maganar ga aƙida. Masu furta ta gasgatawa ma su rubuta abinsu haka, kalma ɗaya ce.

8/ Akwai wuri ɗaya da sai an yi mata ƙari. Idan aka sa cache_credentials = true, SSSD yana ajiye wani sawu na kalmar sirri a kan kwamfutar, yadda mai kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya shiga ko ya yi nisa da uwar garke. Wannan mu kira shi gaskatawa daga ajiya. Shi ne dalilin da mutum zai canza kalmarsa a wata na'ura, ya buɗe tasa ba tare da haɗi ba, ta ƙaryata sabuwar ta karɓi tsohuwar. Ya haɗa ta da uwar garke, ya shiga sau ɗaya da sabuwar kalmar, ajiyar za ta sabunta.