Me za mu kira ranar da tauraron ɗan'adam ya ɗauki hoton taswira?

1/ Jama'a, a taya ni neman kalma. Ƙanena ya buɗe Google Maps ya ga bayan gidanmu fili fetal, babu katangar da muka gina bara. Ya ce taswirar ƙarya take yi. Na ce a'a, tsohon hoto ne. Da na zo yi masa bayanin abin da Turawa ke kira "imagery date", sai Hausar ta gagare ni.

2/ A Google Earth na kwamfuta, ana rubuta ranar a ƙasan allo. Ka danna alamar agogo da ke sama, ka ja baya, ka ga hotunan shekarun da suka shige. Shekarar da ke kusa da alamar © kuwa ta haƙƙin mallaka ce. Nan mutane da yawa ke ruɗewa.

3/ Wani malamina ya ce "ranar sabuntawa". Allah ya gafarta Malam, ban gamsu ba. Kamfanoni irin su Vantor (wanda a da ake kira Maxar) da Airbus ne ke ɗaukar hoton, kuma yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya hau taswira. Ranar sakawa daban, ranar ɗauka daban. Mai rikicin iyakar gona ta biyun yake nema.

4/ An kawo "kwanan hoto", a bisa ƙirar kwanan wata, amma kunnena na ji kamar hoton da ya kwana.

5/ Ni na tsaya kan "ranar ɗauka". A farkon magana a cika ta, "ranar ɗaukar hoto", don kada a zaci ta amarya ake nufi.

6/ Kuma a lura, taswirar faci-faci ce, kamar zanen da aka haɗa da ƙyallaye. Shi ya sa za ka ga gefen gari kore shar na damina, ɗaya gefen ja na rani. Kowane faci da ranar ɗaukarsa, don haka ba za mu ce "ranar taswira" ba.

7/ Mai son sabon hoto ya nemi na Sentinel-2, taurarin Turai da ke zagayowa duk kwana 5, sai dai katanga ba za ta fito ba. Landsat na Amurka kuma tun 1972 yake ɗauka.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka yi boko da Faransanci, yaya kuke faɗinta?