Abin da masu lambun Mai Wurno suka ce kan baƙin sapote

A hirar masu lambu a Mai Wurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, an daɗe kan baƙin sapote, itacen ƙasar Meziko, ɗan'uwan kanyarmu. Dattawa suka ce a shuka ƙwallon da ɗanyensa, in ya bushe da wuya ya tsiro. Sai haƙurin shekara 5 zuwa 6 kafin ya yi 'ya'ya, da ban ruwa duk rani.

Wajen ci aka sha dariya: wani ya gatsa ɗanye, bauri ya ɗaure masa harshe. A tsinko shi kore, a ajiye a ɗaki har ya yi tuɓus kamar ruɓaɓɓe, cikinsa baƙi kamar cakulan. Ni dai da ruwan lemu nake dama nawa.