Raguwar ƙwayoyin daskarar da jini bayan tiyatar zuciya

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. An yi wa mahaifinmu tiyatar zuciya, ana ba shi allurar hefarin don hana jini daskarewa, amma a kwana na 7 ƙwayoyin daskarar da jininsa sun ragu matuƙa, likita ya dakatar da allurar. Shin zubar jini za mu ji tsoro?

Malamin Jinya: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba Baba lafiya. Raguwar da ake gani a kwanakin farko na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata ce ke jawo ta, kuma takan warware. Wadda ta dawo tsakanin kwana 5 zuwa 10 ita ce abar dubawa, domin garkuwar jiki ce take kai wa ƙwayoyin hari saboda hefarin, kuma babban haɗarinta daskarewar jini ne a jijiyoyi, ba zubarsa ba.

Dalibar Likitanci: Shi ya sa ake maye gurbin hefarin da wani maganin hana jini daskarewa, argatroban ko bivalirudin, ba a fara warfarin, wato maganin sha na hana jini daskarewa, sai ƙwayoyin jinin sun farfaɗo. Ku lura da kumburin ƙafa ko yatsu su yi sanyi, ku sanar da likita nan take.