Ƙwayar cutar da ta ƙi barin huhun Abba

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan gida. Abbana mai sistik faibrosis (ciwon gado da ke sa kaki mai kauri ya taru a huhu), shekararsa 11, ya yi kwana 14 a asibiti nan Ingila ana ɗura masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ceftazidime da tobramycin, ta jijiya. An sake gwada kakinsa, ƙwayar cutar da ake kira Pseudomonas tana nan daram. Alhali takardar gwaji ta ce maganin yana kashe ta. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin san santsin da ke kama cikin randa idan ta daɗe ba a wanke ba? Ko kin zuba sabon ruwa yana nan manne. Haka Pseudomonas take yi idan ta zauna a huhu: ta taru, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi, shi ake kira bayofim. Magani ya kashe na sama, na can ciki suna kwance kamar masu barci, bai cika taɓa su ba. A ɗakin gwaji kuwa ƙwayoyin a sake suke, babu mayafi, shi ya sa takarda take cewa magani ya ci.

Maman Abba: To kenan wahalar banza muka sha?

Anti Nas: Ko kusa! Ki duba yaron, ba takardar kaɗai ba. Tari ya ragu? Yana cin abinci? Awon hurawarsa ya ɗaga? Idan ta riga ta yi gida, danne ta ake yi don huhu ya huta.

Malam Famasi: Hajiya, ki tambayi likitocinsa batun maganin shaƙa. Tobramycin na shaƙa sau biyu a rana ake yi, kwana 28, a huta kwana 28. Akwai colistin ma. Kai tsaye suke isa huhu. Ki kuma tambayi dornase alfa da ruwan gishirin shaƙa, masu sassauta kaki. A fara fitar da kaki, sannan a shaƙi maganin ƙwayar cuta, kada ya zauna a kan majina. In za su ba shi azithromycin sau uku a mako, su fara gwada kakin ko akwai dangin ƙwayar tarin fuka.

Inna Ladi: Ni dai zuma da habbatus sauda nake ba jikokina in suna tari.

Malam Famasi: Inna, zuma a baki babu laifi ga ɗan shekara 11. Amma don Allah kada a ɗiga komai cikin na'urar shaƙa, kuma kada a ajiye maganin asibiti.

Anti Nas: Na'urar ma, Maman Abba, a wanke ta bayan kowane amfani, a bar ta ta bushe ƙayau, domin Pseudomonas danshi take so. Kuma tunda ya sha tobramycin ta jijiya, ki roƙa a duba jinsa da ƙodarsa.

Inna Ladi: Da za a haɗa shi da wani yaro mai irin ciwon, su riƙa ɗebe wa juna kewa.

Anti Nas: Ta waya kawai, Inna. Suna iya shafa wa juna ƙwayoyin, shi ya sa ko a asibiti ake raba musu ɗaki.

Maman Abba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tarin dare kam ya ragu, jiya har ya nemi ƙarin tuwo. Ranar Alhamis za mu koma, na rubuta tambayoyin a bayan katinsa.