Neman shawara: wane hinjis mai rufe ƙofa da kansa ya dace da gidan wanka da bahaya?

Mai tambaya, Katsina:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ina gab da kammala ginin gidan wanka da bahaya na kuɗi kusa da wata tashar mota a nan cikin Katsina, kuma ƙofofi ne kaɗai suka rage. Na sayi allon HPL, wato wani allo mai tauri da ake yin ƙofofin bayi da shi, mai kaurin milimita 12, kowace ƙofa faɗinta santimita 60, tsayinta 180. Ina son ƙofar da za ta koma da kanta idan mutum ya fito, domin fasinjan da ke tsoron mota ta tashi ta bar shi ba zai tsaya jan ƙofa ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an nuna mini iri biyu: mai sifirin a ciki, da wanda aka ce nauyin ƙofar ne yake mayar da ita. Mai sifirin ya fi sauƙin kuɗi. Wanne zai jure wurin da ruwa ba ya yankewa a ƙasa tun daga asuba har dare? Allah ya saka da alheri.

Mai walda da aikin alminiyam, Ƙofar Marusa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a buɗe a sa'a. Idan shawarata za ka bi, ka ɗauki mai aiki da nauyin ƙofa, kuma ga dalili.

A cikin mai sifirin akwai waya ta ƙarfe da aka naɗe, wadda buɗe ƙofa yake ƙara murɗawa, ita kuma ta warware ta turo ƙofar. Sau da yawa bayan hinjis ɗin yana ƙyalli, amma wayar da ke ciki baƙin ƙarfe ce. A bayi kuwa da buta ake shiga, ana tsarki, ana wanka, mai shara kuma yana watsa ruwa har jikin ƙofa. Ruwan yana gangarawa cikin bututun hinjis ya kwanta. Wanda duk ya taɓa kwance irin wannan bayan damina ya san abin da ake tararwa: jan laka na tsatsa haɗe da ƙurar hunturu, da sifirin da ya karye gida biyu, ƙofa kuma ta koma lilo kamar ba a taɓa sa mata komai ba.

Shi kuwa ɗayan ba shi da abin da zai karye. Ɓangarensa na sama yana zaune ne a kan na ƙasa bisa wata gangara da aka yanka a karkace, galibi da roba mai tauri a tsakani. Idan aka tura ƙofa sai ta hau gangarar ta ɗan ɗaga, idan aka sake ta sai nauyinta ya sauko da ita. Amma yana da sharaɗi biyu. Dole ginshiƙin da za a ɗaura shi ya miƙe sak, a duba da lebur ba da ido ba, domin idan ya karkata ƙofar za ta tsaya a rabin hanya. Sannan idan akwai firam a sama, a bar rata ta fiye da santimita ɗaya, saboda ƙofar tana ɗagawa.

Injiniyan gine-gine, Katsina:

Na yarda da maganar Malam, sai dai ina so in ƙara batun ƙarfen da kansa, domin a nan ne aka fi cutar mai saye. Ƙofarka a wannan awo za ta kai kilo 18 ko kusa da haka, wanda ya ishe ta rufe kanta ba tare da taimakon sifirin ba. Ka sa hinjis uku idan irin mai fuka-fuki ne, kuma ka tambayi mai kaya nauyin da kamfanin ya rubuta cewa suna ɗauka.

Ba duk abin da ake kira sitenles ne ɗaya ba. Lamba 304 yana da kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata ya shiga bayi. Lamba 201 an rage masa nikel an ƙara manganis don ya yi arha, kuma ya fi saurin yin ɗige-ɗigen tsatsa. Akwai 316 da aka ƙara wa molibdinam, ya fi jure sinadarin kulorin, amma ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Kada ka dogara da gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa. Yana tona asirin baƙin ƙarfen da aka shafa wa fenti mai ƙyalli, amma ba ya bambance 201 da 304, domin dukansu biyu kusan ba ya kama su. Ka nemi wanda aka buga lambar a jikinsa, ka sa a rubuta ta a rasit. Haka kuma ka guji masu sheƙi irin na madubi da aka zuba da tutiya, domin da zarar shafen ya ɓare sai su fara zagwanyewa.

Ko 304 ɗin ma yana da abokin gaba, wato ruwan bilic da ruwan wanke masai mai asid. Ka gaya wa yaran shara su ɗauraye hinjis da ruwa zalla idan maganin ya taɓa shi, kada su bar shi ya bushe a kai. Sannan a ɗaure da bol da noti na sitenles waɗanda suka ratsa allon, ba gajerun sukurori ba, domin kaurin milimita 12 ba ya ba sukuru wurin kamawa sosai, kuma bol yana hana mai son zuciya kwancewa cikin sauƙi.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka ware ɗaki ɗaya ga masu keken guragu da tsofaffi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara. Ƙofa mai santimita 60 ba za ta shigar da keke ba. A ƙa'idar Amurka faɗin mashiga ba ya gaza inci 32, wato kimanin santimita 81, kuma dole ƙofar irin wannan ɗaki ta rufe da kanta. Ta buɗe zuwa waje, ta koma a hankali har ta rufe ruf. Sauran ɗakunan kuwa ana iya saita su su tsaya a ɗan buɗe, don mai zuwa ya gane babu kowa a ciki.

Hajiya, mai kula da bayin wata makarantar kuɗi:

Injiniya, a wannan na ƙarshe ban bi ka ba. Barin ƙofa a ɗan buɗe ya dace da inda ake da layin masai a cikin babban ɗaki mai ƙofar waje. Idan ƙofofin Alhaji suna fuskantar fili ne inda ake zirga-zirga, to mata ba za su so ana hango cikin bayi ba, ko da babu kowa, ga kuma wari da ƙuda. Alhaji, ka sa su rufe gaba ɗaya, ka sayi sakatar nan mai nuna ja da kore daga waje, wadda ake iya buɗewa ta waje idan wani ya yanke jiki ya faɗi a ciki. Abin da na fi tsana ga mai sifirin shi ne bugu. Masu ɗaurawa suna ɗaure shi tamau don kada a ce bai yi aiki ba, sai ƙofa ta dinga dawowa da ƙarfi, uwa tana riƙe da buta a hannu ɗaya, yaro yana biye da ita da yatsunsa a bakin ƙofa.

Kafinta daga Daura:

Kada dai a yi wa mai sifirin rashin adalci. Ƙofar roba ko ta alminiyam maras nauyi ba ta iya saukar da kanta da kyau, nan shi ne magani, kuma ana rage ƙarfinsa da alanki, ƙaramin ƙarfen nan mai kusurwa shida na kwance noti. Ga ƙofar Alhaji dai ba a bukatarsa.

Mai tambaya, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙofofin suna kallon fili ne, don haka zan bi maganar Hajiya. Malam mai walda, zan koma Kano ranar Asabar in Allah ya yarda. Duk iri ɗaya zan saya? Kuma a riƙa shafa musu giris?

Mai walda da aikin alminiyam, Ƙofar Marusa:

A'a, Alhaji, kada ka saya iri ɗaya kafin ka duba. Yawancinsu akwai na dama akwai na hagu, saboda gangarar gefe ɗaya take fuskanta, kuma idan aka juya shi ba zai yi aiki ba. Ka zana ɗakunan a takarda, ka nuna gefen da kowace ƙofa za ta rataya da inda za ta buɗe, ka miƙa wa mai kaya. Ka sa ya ɗaura guda a jikin katako ka gwada da hannunka, ka kuma tabbatar irin da yake kai ƙofa har bakin sakata ne, ba wanda aka yi don ya tsaya a ɗan buɗe ba. Giris kuwa kada a sa, domin ƙurar Katsina za ta manne masa ta zama yashi mai cin robar. Goge shi da tsumma ya isa. Ka ƙaro biyu na dama da biyu na hagu ka ajiye, kuma a ɗaga ƙasan kowace ƙofa santimita 15 daga tayil don ruwan shara ya wuce ta ƙarƙashi.