Allurar da ake tsira wa tsoka: in ci gaba ko in dakata?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ma'aikatan lafiya da ke sashen gashin ƙashi da tsoka (physiotherapy).

Ni tela ne, kuma na daɗe ina fama da wani ƙulli a tsokar da ke tsakanin wuyana da kafaɗar dama. In aka danna shi, zafin har bayan kunne yake hawa. Man zafi da tausa da ruwan ɗumi duk ba su raba ni da shi ba.

Likitan gashi ya fara yi mini wata siririyar allura marar magani a ciki, irin ta 'yan Sin amma aikin daban. Yana tsira ta cikin ƙullin har tsokar ta zabura, sai ta saki. Washegari wurin ya yi tsami, daga nan in samu sauƙi sosai. Matsalar ita ce da na koma kan keken ɗinki na 'yan kwanaki, sai ƙullin ya dawo kamar ba a taɓa shi ba.

Shin haka ake yi kafin ya warke gaba ɗaya, ko zamana a kan keken ne ke ɓata aikin? Akwai motsa jikin da ya kamata in haɗa da shi?

Abin da ya fi damuna kuma, ina shan asfirin kullum saboda zuciya, kuma wurin yana yin baƙi bayan allurar. Sannan an ce idan ta yi zurfi a saman kafaɗa tana iya huda huhu. Waɗanne alamomi ne in na ji su zan garzaya asibiti?

Allah ya saka da alheri.