Muhawara: Ana yin digiri na uku a kan tarihin da bai kai shekara 30 ba?

Farfesa: Ra'ayina, kada a amince wa ɗalibi ya ɗauki batun da bai kai shekara 30 da faruwa ba. Takardun gwamnati suna kulle. A Ingila sai 2013 aka fara rage wa'adin buɗe su daga shekara 30 zuwa 20, a Amurka 25 ne, shi ma da togaciya, Faransa kuwa abin da ya shafi tsaro sai ya shekara 50. Ɗalibi shekara uku ko huɗu gare shi. Ƙarshenta ya tattara jaridu da hirarraki ya kira shi kundi.

Malama: Allah ya gafarta Malam, ai cikar wa'adi ba shi ne samun takarda ba. Takardun mulkin mallaka na Kenya sun haura shekara 40 a ɓoye a Birtaniya, sai a 2011, bayan dattawan Mau Mau, ƙungiyar da ta yi wa Turawan mulkin mallaka tawaye a Kenya, sun kai ƙara, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa suna nan a wata ma'adana tata da ke Hanslope Park. Wasu ma an ƙone su tun kafin a ba da 'yanci. Na Stasi kuwa, wato hukumar 'yan sandan asiri ta tsohuwar Jamus ta Gabas, an buɗe su a 1992, katangar Berlin ba ta shekara uku da faɗuwa ba. Kuma kafin shekara talatin ɗin ta cika, da yawa daga waɗanda aka yi abin a gabansu sun kwanta dama.

Farfesa: Shaidan nan fa mutum ne, Malama. Tsohon minista abin da zai wanke shi yake tunawa.

Malama: Wanda ya rubuta takardar ma yana da maigidan da yake son ya faranta wa.

Dakta: Ku gafarce ni, matsalar hira ta fi zama ta lissafi. Hirar awa ɗaya kan ci awa shida zuwa takwas kafin a mayar da ita rubutu. Ɗalibi ya yi alkawarin hira 60, ga jiran izinin kwamitin ɗa'a, ga takardar amincewa da kowa zai sa wa hannu. Idan takardar ba ta fayyace ko za a ambaci suna ba, mutum na iya janye maganarsa ana gab da kare kundi, babi guda ya rushe. Sannan a fara karanta takardun da ake da su kafin a je hira, in ba haka ba ɗalibi bai san inda zai matsa da tambaya ba.

Ma'ajin Takardu: Ranka ya daɗe, abin da za a nema wurin ɗalibi tun kafin a karɓi batunsa shi ne jerin lambobin fayil: wanne ke buɗe, wanne ke kulle, zuwa yaushe. Ya rubuto wa ma'adana ya tambaya, don akwai akwatunan da wa'adinsu ya cika amma ba a tantance su ba, ba mai iya fito masa da su.

Farfesa: In ya kawo jerin, ya kuma nuna babi biyu da za su tsaya ko da ba a buɗe masa komai ba, sai a zauna. Amma hira 60 a shekara uku, wannan kam a'a.